Sarki Sanusi na Biyu: da wane harshe ake faɗa wa talaka gaskiya?

Ranar 20 ga Fabrairu 2014, Sanusi Lamiɗo Sanusi yana birnin Yamai wajen wani taro na gwamnonin manyan bankunan Afirka ta Yamma, labari ya iske shi cewa shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da shi daga shugabancin Babban Bankin Nijeriya. Gwamnati ta ce ana zarginsa da kashe kuɗin bankin ba bisa ƙa'ida ba. Amma kowa ya tuna cewa makwanni kaɗan kafin nan ya tsaya gaban kwamitin majalisar dattawa ya ce akwai dala miliyar 20 na kuɗin man fetur da kamfanin mai na ƙasa bai zuba a baitulmali ba. Bayan shekara tara, ranar 9 ga Agusta 2023, ya sake sauka a Yamai, wannan karon a matsayin sarkin Kano da aka tuɓe, tare da Sarkin Damagaram, suka gana da Janar Abdurrahman Tiani a daidai lokacin da ƙungiyar CEDEAO take barazanar amfani da ƙarfin soja a kan Nijar. Tsakanin waɗannan zuwa biyu ya rasa kujeru biyu, kuma a duka biyun bakinsa yana cikin abin da ya jawo masa.

Shi ya sa hukuncin da aka fi yanke masa a majalisu, daga Kano har Maraɗi, bai wuce ɗaya ba: mutumin yana da ilimi, amma ya cika magana, sarki kuwa ba a san shi da yawan magana ba. Wannan hukunci yana buƙatar a sake duba shi, kuma ɗaliban kimiyyar harshe suna da kayan aikin dubawa. Sarkin da ya yi magana a kan talauci da jahilci da halin da mata suke ciki bai saɓa wa sarauta ba. Inda ya kamata a tuhume shi shi ne harshen da ya zaɓa ya ɗora hujjojinsa, da mutanen da ya zaɓa ya fara faɗa wa.

Rayuwarsa kanta rayuwar harsuna uku ce. An haife shi a Kano ranar 31 ga Yuli 1961, a gidan sarautar Dabo. Mahaifinsa, Ciroman Kano Aminu Sanusi, jakada ne da ya wakilci Nijeriya a ƙasashen waje. Kakansa, Sarki Muhammadu Sanusi na Ɗaya, ya mulki Kano daga 1953 zuwa 1963, lokacin da gwamnatin Sardauna ta tilasta masa yin murabus bayan binciken kuɗin hukumar gargajiya, aka kai shi Azare. Jikan ya yi firamare a wata makarantar mishan a Kaduna, ya yi sakandare a King's College ta Legas, ya karanta ilimin tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya gama a 1981. Ya koyar na ɗan lokaci, ya shiga aikin banki a 1985, daga baya ya ajiye ya tafi Khartum ya karanci shari'a da Larabci, ya kammala a 1997. A Janairu 2009 ya zama shugaban First Bank, a Yunin wannan shekara shugaba Umaru Musa Ƴar'aduwa ya ba shi Babban Banki. Wata biyu da kama aiki ya kori shugabannin manyan bankuna biyar a rana ɗaya, ya zuba naira miliyar 420 don kada kuɗin masu ajiya su salwanta. Ranar 8 ga Yuni 2014, kwana biyu bayan rasuwar Sarki Ado Bayero, aka bayyana shi a matsayin sarkin Kano. Hausa ya tashi da ita, Ingilishi ya ci abinci da shi, Larabci ya je ya nemo da ƙafarsa. Da wuya a sami sarki a ƙasar Hausa da ya haɗa ukun kamar yadda ya haɗa.

Masu cewa sarki ba ya magana suna da hujja a al'ada. Duk wanda ya taɓa shiga fada a Damagaram ko Tsibiri ko Katsina ya ga yadda aka tsara shirun. Amawali ya rufe bakin sarki. Baƙo ya faɗi ya yi gaisuwa, sarki ya ɗaga hannu, dogarai su amsa a madadinsa cewa an gaishe shi. Hukunci yakan fito da lamirin "an", wanda ba ya fayyace mai aiki: an ji, an yafe, an ba ka. In sarki ya buɗe baki yakan ce "mu", domin kujerar ce take magana. Abin da ake mantawa shi ne dalilin wannan tsari. Masanin falsafar harshe John Austin ya nuna cewa akwai maganar da faɗinta shi ne aikata ta, kamar ɗaurin aure ko saki ko raɗa suna. Maganar sarki a da irin wannan ce. In ya ce an naɗa, an naɗa. In ya ce a ɗaure, an ɗaure. Bakin da kalmarsa ɗaya take iya raba mutum da gonarsa dole a yi masa linzami, shirun kuwa kariya ce ga talaka kafin ya zama ado ga sarki.

Wannan iko ya daɗe da barin fada. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, suka kai Sarki Alu zaman gudun hijira har ya rasu a Lakwaja. Faransawa sun tuɓe Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Basa a 1906, suka fitar da shi daga ƙasar. A Nijeriya, gwamnatin soja ta ƙarshen shekarun 1960 ta karɓe kotuna da ƴan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe saura. A Nijar, dokar da ta tsara sarautar gargajiya ta sa sarki cikin tsarin mulkin ƙasa, ta bar masa sasanta rikicin gona da na aure da na gado. Yau gwamna ne yake da kalmar da faɗinta aikatawa ce: ranar 9 ga Maris 2020 majalisar zartarwa ta gwamna Abdullahi Ganduje ta ce an tuɓe Sanusi saboda rashin biyayya, kafin dare an fitar da shi zuwa jihar Nasarawa. Ranar 23 ga Mayu 2024 gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a wata doka, aka mayar da shi. Sarkin Damagaram Abubakar Sanda, abokin tafiyarsa zuwa Yamai, shi ma an tuɓe shi a 2001, ya dawo a 2011. Sarkin wannan zamani ba shi da kurkuku, ba shi da haraji, ba shi da ma tabbacin kujerarsa. Abin da ya rage masa shi ne idan ya yi magana ana saurare. In aka ce ya ajiye wannan ma, an bar shi da rawani da algaita ke nan.

Saboda haka ba laifi ba ne da Sanusi ya yi magana, kuma da yawa daga abin da ya faɗa gaskiya ne. A Nuwamba 2014, lokacin da Boko Haram take cin garuruwa, ya ce wa jama'a su tashi su kare kansu. Makwanni biyu bayan nan aka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano, wanda yake jikin fadarsa, mutum sama da ɗari suka rasu. A Afrilu 2017, a taron zuba jari na Kaduna, ya ce Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas su ne yankunan da suka fi talauci a Nijeriya, ya ƙi yarda da maganar gwamnan Zamfara na lokacin cewa annobar sanƙarau sakamakon zunubin jama'a ce, ya ce a nemo allurar rigakafi. A wurin ya soki shirin gwamnatin Kano na ciwo bashi daga Sin don gina layin dogo a cikin birni. Bai daɗe da faɗin haka ba aka buɗe binciken kuɗin masarauta. A Mayu 2019 aka raba masarautar gida biyar: Kano, Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye.

Sai dai a lura da wurin da aka yi wannan jawabi na Kaduna da harshen da aka yi shi. Babban zaure ne cike da gwamnoni da ministoci da attajirai da jakadu, jawabin kuwa da Ingilishi. Mutanen da ake magana a kansu, manomin Ɗambatta da mai tallar fura a Kurmi da malamin tsangaya, ba su cikin zauren, kuma ko suna ciki ba za su ji ba. Haka lamarin yake ga mafi yawan laccocinsa masu lissafi da hujja, da tarin maƙalunsa da aka buga, da kundin digirinsa na dakta da ya kammala a Jami'ar Landan a 2024 a kan tsara dokar iyali ta Musulunci. Ba a ce bai yi magana da Hausa ba: ya yi huɗuba, ya yi jawaban Sallah, ya yi hira da gidajen rediyo. Amma rabon aikin a bayyane yake. Hujja da alƙaluma suna fitowa da Ingilishi, Hausa tana samun nasiha da taƙaitawa.

Charles Ferguson ya bayyana irin wannan rabo a 1959, Joshua Fishman ya faɗaɗa shi a 1967 zuwa al'ummar da take da harsuna daban-daban: akwai harshen sama na ofis da littafi, akwai harshen ƙasa na gida da kasuwa. A ƙasar Hausa benen hawa uku ne. Larabci yana riƙe da addini, Ingilishi ko Faransanci yana riƙe da kuɗi da doka, Hausa tana riƙe da rayuwar yau da kullum. Maganar da aka yi a sama ba ta saukowa da ƙafarta. Wani ne yake sauko da ita, ɗan jarida ko mai wa'azi ko sojan baka na wani ɗan siyasa, kuma kowa yana sauko da ita da irin nauyin da ya ga dama.

Misali mafi bayyana shi ne maganar aure. A Fabrairu 2017, a wani taro a Abuja, Sanusi ya ce masarauta tana shirya dokar iyali wadda, cikin abubuwan da ta ƙunsa, za ta hana wanda ba ya iya ciyar da mace ɗaya ya ƙara ta biyu. Sharaɗin iya ciyarwa ba baƙo ba ne a fikihun Malikiyya, kuma malamai ne suka zauna a kan daftarin. Amma abin da ya iso kasuwa jimla ce guda: sarki zai hana talaka aure. Daga nan muhawarar ta tashi daga haƙƙin mace da yaro ta koma kan mai kuɗi mai mata huɗu da yake son ya hana talaka abin da Allah ya halatta masa. Har aka tuɓe shi daftarin bai zama doka ba. Mutanen Nijar sun san wannan labari da wata fuska: daftarin dokar iyali da aka rubuta da Faransanci ya gamu da turjiyar ƙungiyoyin addini tun shekarun 1990, aka sake gwadawa a 2011 aka janye. Maroko, wadda Sanusi ya kwatanta da Kano a kundinsa, ta gyara tata dokar a 2004 da Larabci, da hujjojin fikihu, cikin harshen da masu adawa da gyaran suke jin nasu ne.

Matsalar ta wuce mugun nufin masu fassara. Kalmomin kansu suna da nasu nauyi. Sanusi ya goyi bayan janye tallafin man fetur tun 2012, yana cewa kuɗin suna ƙarewa a aljihun ƴan kaɗan da masu fasa-ƙwauri. A Ingilishi kalmar ta lissafin kasafi ce. A Hausa "tallafi" daga "tallafa" take, abin da ake yi wa maraya da gajiyayye da kan jariri. Wanda ya ce a cire tallafi ya riga ya zama azzalumi a kunnen mai sauraro kafin ya kawo hujjarsa ta farko. Haka "riba": rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, don haka ribar ciniki, mai dogon wasali, da ribar da shari'a ta haramta suna fitowa da haruffa iri ɗaya, sai aka koma ga "kuɗin ruwa" don a raba. Da Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ya karɓar kuɗin ruwa a 2011, rigimar da ta tashi tsakanin Musulmi da Kirista rabinta a kan suna ce, domin wasu sun kira shi da aikinsa, wasu sun kira shi bankin Musulunci. Ma'aikatan lafiya sun koyi wannan darasi da wahala: "ƙayyade iyali" ta rufe ƙofofin da "tazarar haihuwa" ta buɗe. Mai son gyara da bai zauna ya zaɓi kalmarsa ta Hausa ba, wani zai zaɓar masa.

Ana iya kare shi da cewa masu riƙe da kasafin kuɗi ya nufa, su kuwa da Ingilishi suke aiki. Wannan gaskiya ne a maganar bashi da layin dogo. Amma gwamna ba shi ne yake aurar da ƴar shekara goma sha uku ba, ba shi ne yake tura yaro almajiranci babu guzuri ba. Waɗannan shawarwari a zaure da tsakar gida ake yanke su, da Hausa. Ana kuma iya cewa Hausa harshen kunya da kara ce, abin da za a faɗa gatsal da Ingilishi in aka faɗe shi da Hausa ya zama cin fuska. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin mai harshe biyu yakan sami sauƙin faɗin abu mai nauyi da harshen da bai sha a nono ba. Tarihi dai bai goyi bayan wannan uzuri ba. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da jama'arsa sun rubuta littattafai da Larabci, amma da Hausa da Fulatanci suka yi wa'azi da waƙa. Nana Asma'u ta aika da ilimi ƙauyuka ta hannun jajis da ƴan taru. Malam Aminu Kano da NEPU, wadda aka kafa a 1950, da Hausa suka girgiza fadar kakan Sanusi kansa, kalmar "sawaba" da suka ɗaga kuwa ita ce ta zama sunan jam'iyyar Djibo Bakary a wannan ɓangare na iyaka. Hausa ta san yadda ake faɗin magana mai ɗaci.

Shi kansa Sanusi ya ba da shaida. Jawabinsa da ya fi shiga zukata shi ne ɗan gajeren saƙon bidiyo da ya yi da Hausa lokacin da aka tuɓe shi, inda ya karɓi abin a matsayin hukuncin Allah, ya yi godiya, ya roƙi jama'a su zauna lafiya. Mutane da yawa da ba su taɓa yarda da shi ba sun tausaya masa a ranar. Zuwansa Yamai ma haka ne. Tawagar CEDEAO ta farko, wadda Janar Abdussalami Abubakar ya jagoranta, ta koma ba ta ga shugaban mulkin soja ba. Sanusi, wanda ya ce ba gwamnati ce ta aike shi ba, ya sami shiga, yana halifan Tijjaniyya na Nijeriya, yana tafe da Sarkin Damagaram. Magabatan waɗannan sarakuna biyu sun gwabza yaƙi a ƙarshen ƙarni na 19. Jikokinsu sun zauna da shugaban Nijar, su uku babu mai buƙatar tafinta, alhali takardun Abuja da na Yamai sai an fassara su kafin ɗaya ya karanta na ɗaya.

Ba a rufe ido ga sauran tuhumar da ake yi masa ba. An zarge shi da kashe dukiyar masarauta fiye da kima, ya musanta. An zarge shi da karkata ga ɓangare ɗaya a zaɓen 2019. A Janairu 2025, a wata lacca a Legas, ya ce ba zai taimaka wa gwamnatin tarayya wajen bayyana gyare-gyarenta na tattalin arziki ba tunda ba ta nuna masa abota ba. Daga baya ya ce an yanke maganarsa. Ko yaya aka ɗauke ta, ta nuna haɗarin da ke jiran sarki mai magana: ranar da ya mayar da faɗa da shiru abin ciniki, ya zubar da abin da ya sa ake sauraronsa. Rikicin kujerar Kano tsakaninsa da Aminu Ado Bayero ya shiga kotu, birni ɗaya ya wayi gari da fada biyu, talaka kuwa bai ƙaru da komai ba.

Darasin ya fi kusa da Nijar fiye da yadda ake zato. A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan rabo shi ne ainihin benen da Sanusi ya rayu a cikinsa: suna ga Hausa, aiki ga wasu. Muddin kasafin kuɗi da dokar haraji da yarjejeniyar uraniyom da ta man fetur suna fitowa da Faransanci kaɗai, manomin Tasawa da ɗan kasuwar Konni za su ci gaba da karɓar labarin dukiyarsu daga bakin wanda ya ga damar fassara musu, kuma masu magana da Zabarmanci da Tamashek da Barbarci da Fulatanci suna cikin hali iri ɗaya.

Aikin da ya hau kan sassan kimiyyar harshe a fili yake. A ɗauki jawabi ɗaya na Sanusi, a tattara yadda gidajen rediyo da masu wa'azi da shafukan Facebook suka fassara shi, a gano inda ma'ana ta karkace da wanda ya amfana. A tattara kalmomin kuɗi da ƴan canji da dillalai da mata masu adashe suke amfani da su, kafin a zauna a ofis a ƙirƙiro sababbi. Duk kalmar da aka ƙirƙira a kai ta kasuwa da tsangaya a gwada, a ji abin da take tayarwa a zuciyar mai sauraro. A yi wannan tare da takwarorin Kano da Sakkwato da Zariya, don kada "hauhawar farashi" ta sami suna ɗaya a Jibiya, wani a Ɗan Isa. Ko kundin digiri na biyu guda goma aka rubuta a kan wannan fage ba za su ƙare shi ba.

Shi kuma Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu, Allah ya ja zamaninsa, akwai bashin da ya rage a kansa. Ya yi shekaru yana bincike a kan aure da saki da ciyarwa da duka a kotunan Kano, ya rubuta sakamakon da Ingilishi don malaman Landan su auna. Matan da shari'o'insu suka cika wannan kundi suna da haƙƙin su ji abin da ya gano, da harshen da suka kai ƙara da shi. Babu wanda ya fi shi cancantar ya rubuta musu.